Kwalabe Huɗu a Gindin Murhu

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Inna Chon, surukata, tana nan, gwiwa ce dai ta hana ta sakat. Keyla, 'yata ta tsakiya, lafiyarta lau, ta tafi makaranta. Canela, karyarmu, ta warke daga ciwon kunne, har ta koma korar kaji. Mage ta sake yin ciki. Baban yara yana can arewa, ƙetaren iyaka, wajen neman kuɗi, ban sani ba ko lafiya ko babu, tun Kirsimeti rabonmu da jin muryarsa. Ni ina cin abinci.

Dilcia ce ba lafiya, autata. Yau kwananta shida a asibitin gari ana mata ƙarin ruwa. Yolani ce a wajenta, babbar 'yata mai aiki a gidan burodi. Ta ce kar in zo.

Littafin nan nata ne na makaranta, ta bar rabinsa babu rubutu. Ita ta koya mini karatu ina da shekara talatin da uku, kullum Lahadi bayan coci, tana riƙe mini hannu kamar ni ce 'yar. Har yanzu a hankali nake rubutu, kuma ina danna fensir da yawa.

Likita ya ce tsutsar ciki ce ta yi mata yawa, kuma daga daɓen ƙasa yara ke ɗauka. Jiya Yolani ta turo saƙo a waya. Ta ce, "Ko an sallame ta ba zan mayar da ita kan wannan ƙasar ba." Na karanta sau huɗu da kaina. Ba ta ce gidan ba. Ba ta ce ni ba. Ƙasar ta ce. To ai ƙasa ana iya canza ta.

Laraba, 5 ga Maris, da rana tsaka

Larabar toka. A coci Fada ya shafa mana toka a goshi, alamar shiga azumi. Da muka fito mata suka yi ta tambayata jikin Dilcia, na ce da sauƙi. Ban san ko da sauƙin ba.

Na hau tudun makabarta, nan kaɗai waya ke kamawa. Na kira Yolani, ta shiga, ba ta ɗaga ba.

Na dawo na share ɗaki. Shekara ashirin ina yayyafa masa ruwa ina sharewa safe da yamma. Duk ƙauyen nan babu wadda za ta ce ta ga datti a ɗakina. Yau na tsaya da tsintsiya ina kallonsa kamar baƙo.

Juma'a, 7 ga Maris, da yamma

Na sayar da karsanarmu don in sami kuɗin gyaran ɗaki. Keyla ta yi kuka, ta ƙi cin wake.

Don Eulogio magini ya zo dubawa. Ya shigo ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce, "Doña Mina, wannan ɗaki ne ko gona? In na watsa masara a nan kwana uku ta tsiro."

Inna Chon tana kan kujerarta, ta ce, "A kan ƙasar nan aka haifi waɗanda suka fi ka, Eulogio. Kai da ka tashi a kan siminti me ka zama?"

"Magini, Inna."

"To ka gani."

Ya sha kofi kofi biyu sannan ya yi mini bayani. Katako yana da daɗin takawa, amma gara za ta gama da shi kafin Keyla ta gama firamare, kuma in karya ta yi fitsari ya shige tsakanin katakan sai dai a bar mata gidan. Ledar shimfiɗa ba ta da wahala, amma ya nuna mage ya ce, "Wannan hajiyar da faratanta, wata guda." Damina kuma laima ta kwanta a ƙarƙashi ta yi wari. Saura biyu, tayil ko siminti. Ya ce in tayil nake so in je gari in zaɓa da idona, shi ba ya zaɓar wa mace launi, ya taɓa yi ya sha zagi shekara biyu.

Na ce ina son abin da yaro zai zauna a kai ya ci abinci ba abin da zai same shi. Ya daina dariya. Ya ce, "Duk biyun za su yi, Doña Mina."

Asabar, 8 ga Maris, da safe

Ba ta ɗaga ba.

Talata, 11 ga Maris, da almuru

Na je gari na dawo. Ƙafafuna ciwo suke.

A mota Don Wilmer direba ya ce mini, "Barka da arziki, na ga 'yar taki jiya a ƙofar gidan burodi, har da alewa a hannu." Ashe tun Lahadi aka sallame ta. Na ce masa eh, mun gode Allah, kamar na sani.

Na fara zuwa shagon kayan gini. Tayil kala-kala har bango, wani kamar madara, wani kamar itace, wani kana ganin fuskarka a ciki. Matar shagon ta ce, "Uwa, yara nawa?" Na ce biyu a gida. Sai na gyara na ce ɗaya yanzu. "Dabbobi fa?" Na ce karya da mage, kaji ma suna shigowa in an manta ƙofa. Ta ce, "Kaji kuma? To ke ba tayil kike nema ba, ƙofa kike nema." Muka yi dariya. Ta ba ni guda ɗaya fari wanda gefensa ya ɗan ɓalle, ta ce in je in gwada a gida.

Daga nan na bi ta bayan gidan burodin, inda Yolani ke haya. Na zo da tortiya, wainar masararmu, goma sha biyu a ƙyalle, da cuku, da 'yar tsanar Dilcia mai hannu ɗaya. Tagar a buɗe take. Na gan ta. Tana zaune a ƙasa tana jera murafan kwalba, ta rame, an yanke mata gashi. Ƙasan ɗakin fari ne fat, irin wanda ke cikin jakata. Yolani tana ciki, ina jin motsin tukunya, tana ce mata, "Ki gama ki zo ki wanke hannu."

Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga hannu. Sai na duba ƙafafuna, duk jar ƙasar hanyarmu. Na rataye ƙullin a jikin mariƙin ƙofa na tafi.

Na ce wa Inna Chon ban same su ba.

Alhamis, 13 ga Maris, da hantsi

Jiya duk yini ina cewa farin tayil zan sa. Irin nata sak. In Dilcia ta shigo ba za ta ga bambanci ba.

Yau na gwada. Na ajiye shi a ƙofar ɗaki na zuba masa ruwa, kamar yadda Dilcia ke zubarwa kullum in tana sha. Na kira Canela da guntun tortiya. Ta taho a guje, ƙafar gaba ta zame, haɓarta ta bugi ƙasa, ta tashi tana kallona kamar ni na ture ta. Keyla ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun kafin a tafi da Dilcia.

Inna Chon ta ce, "In kashe ni kike so ki yi, Herminia, ki sa mini magani a kofi, ya fi sauri. Kar ki sa in mutu ƙafa a sama gaban jikoki."

Sai na ɗauko dutsen niƙa ƙarami na sake shi daga tsayin Dilcia, don ta saba jawo shi daga kan tebur. Tayil ya rabe uku. Bakinsa kamar wuƙa. Na taɓa da yatsa, jini ya fito.

Siminti zan sa. Don Eulogio ya ce ana zuba masa jan garin launi a sama a goge shi da cokalin gini har ya yi sumul, ba ya santsi sosai, farce ba ya cinsa, in tukunya ta faɗi tukunyar ce za ta ji jiki. Ya ce na gidan uwarsa ya shekara arba'in, jikoki goma sha ɗaya da karnuka ba iyaka sun bi ta kansa.

Ba zai yi kama da na Yolani ba. Ja ne, kusan launin ƙasar da take gudu. Wannan ya dame ni.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

Na hau tudu na rubuta wa Yolani, "Zan sa siminti." Alama ta nuna ta gani. Na zauna a kan dutse har rana ta juya.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan coci

Lokacin karatunmu ne da. Na zauna a teburin ni kaɗai.

Keyla ta tambaye ni, "Mama, Yolani fushi take da ke ko da ɗaki?" Na ce ta je ta ba kaji ruwa.

Kwana uku ne kawai Dilcia ta yi da ciwon cikin a gida. Shayin apasote na ba ta, ganyen da muke sha don ciwon ciki, shi aka ba ni ina ƙarama, shi na ba su duka. Ranar farko ta sha ta yi barci. Rana ta biyu na ce gobe in bai tsaya ba. Rana ta uku na ɗaura ɗankwali, har na ɗauko takalmanta, sai ta nemi ayaba, na ce to ai ta fara samun sauƙi. Ran nan da yamma Yolani ta sauko daga mota ta gan ta.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi. Ta naɗe ta a zane, ta tsaya a bakin ƙofa ta ambaci sunan da ba a ambata a gidan nan, na ɗan da na rasa. Ta ce, "Shi ma kwana uku kika ce." Tana da shekara bakwai a lokacin. Na ɗauka ba ta tuna ba.

Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Na share ɗaki.

Litinin, 17 ga Maris, da rana tsaka

An kawo yashi da tsakuwa da buhunan siminti, an jibge a gindin mangwaro. Mage ta riga ta mayar da yashin bayan gidanta.

Don Eulogio ya ce mu fitar da kaya gobe. Zai haƙe ƙasar ɗakin taƙi guda ya kwashe ta a baro ya zubar a kwazazzabo, ya cike da tsakuwa, Asabar da safe ya zuba siminti.

Inna Chon ta ajiye kofinta. Ta ce, "Ya zubar da me a kwazazzabo?"

Ya ce, "Ƙasa, Inna."

"Har ta gindin murhu?"

Na juya na kalli murhun. Kwana goma ina tunanin farce da fitsari da santsi, ban tuna ba ko sau ɗaya. Cibiyoyin yara suna nan a gindin murhu. Duk wanda aka haifa, in cibiyarsa ta bushe ta faɗi, sai a naɗe ta a ƙyalle a sa a 'yar kwalba a binne a nan, don duk inda ya je a duniya ƙafarsa ta dawo da shi gida.

Don Eulogio ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Wallahi duk gidan da na je a tsaunin nan sai an tare ni da wannan. Wani gida na tono goma sha huɗu. Ki fitar da abinki, Doña Mina, in na zuba tsakuwa ki mayar, in rufe. Amma ki sani in na rufe na rufe. Babu ƙari, babu ragi."

Inna Chon ta ce, "Ita ma ta rufe, mijin yana arewa."

Ban yi dariya ba. Babu ƙari, ya ce.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Mun kwashe kaya zuwa rumfa. Na ce wa Don Eulogio ya fara daga ƙofa, gindin murhu ni zan haƙa. Da cokalin miya na yi, a durƙushe, don kar in fasa. Canela ta zo tana taya ni da ƙafa, na kore ta.

Ta Dilcia ce a sama, kwalbar maganin tari, murfinta ko tsatsa bai yi ba. Sai ta Keyla. Sai ta ukun, ta marigayin. Ita na riƙe na daɗe. Na goge ta da bakin zanena na ajiye.

Ta Yolani ce can ƙasa, kwalbar turare mai ruwan ganye. Da na ɗago ta sai ta yi ƙara, kas-kas.

Inna Chon tana zaune a bakin ƙofa tana kallo. Ta ce, "Kawo nan." Ta kaɗa ta a kunne. Ta ce, "Har yanzu tana nan, ƙwayar kofin."

Na zauna daɓas a ƙasa.

Bakwaini na haifi Yolani, ina da shekara goma sha bakwai, aka riƙe ta a asibiti kwana ashirin. A can cibiyar ta faɗi. Na tambayi wata ma'aikaciya, ta nuna mini wata takarda a bango ta ce in karanta, ta wuce. Na tsaya gaban takardar ina gyaɗa kai kamar ina karantawa. Da muka dawo Inna Chon ta miƙo hannu ta ce ina cibiyar jikata. Na ji tsoro. Na zaga bayan ɗaki na naɗe ƙwayar kofi a tsumma na sa a kwalba. Shekara goma sha tara ban faɗa wa kowa ba, ko Fada.

Na ce, "Inna, kin sani?"

Ta ce, "Yarinya, na binne cibiya ta fi talatin a ƙauyen nan. Cibiya ba ta ƙara. Tun a hannunki na ji."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Kin dawo kamar kazar da ruwa ya daka, nono ya ƙi zuwa, kina kuka jaririya na kuka. In ƙara miki?"

Na ce shi ya sa ta tafi. Duk 'ya'yana ita kaɗai ce babu abin da ya ɗaure ta da gidan nan, kuma ni na jawo.

Inna Chon ta yi tsaki. Ta ce, "Ta mijinki Rigoberto da hannuna na binne ta, ta gaske, a gindin murhun tsohon gidanmu. Yana ina yanzu? Ita mai ƙwayar kofin duk Talata tana kan motar Wilmer da burodi a leda. Ba kwalba ce ta kore ta ba, Herminia, kin san abin da ya kore ta." Ta miƙo mini. "Kuma tashi daga ƙasa, ke ma kar ki ɗauki tsutsar."

Ban taɓa jin ta ambaci ɗanta haka ba.

Na jera su huɗu a kan taga. Ban san abin da zan yi da ta huɗun ba. In na mayar da ita, na rufe ƙarya da siminti har abada. In ban mayar ba, uku ne a ƙasa, ita babu.

Laraba, 19 ga Maris, da sassafe

Ban share ɗaki ba. Babu abin sharewa, rami ne da tsakuwa.

Na tambayi Don Eulogio ko siminti yana karɓar sawu. Ya ce, "Tambayi Canela ran Asabar, in ba ki ɗaure ta ba." Na ce da gaske nake. Ya ce bayan ya goge akwai kamar awa biyu da in an taka zai zauna, in ya wuce haka ko jaki ya hau ba zai nuna ba. Ya ce masu gida dai roƙonsa suke kar a taka. Na ce ni gefen murhu nake so ya bari na ƙarshe.

Laraba, da hantsi

Yolani, 'yata.

Da ba don kowa nake rubuta littafin nan ba. Amma na gwada rubuta miki wasiƙa sau uku, duk sai ta fito kamar ina kare kaina. Gara ki karanta yadda yake. Zan ba Don Wilmer ya kawo miki da motar rana. Littafinki ne dama.

Abin da kika faɗa a bakin ƙofa gaskiya ne. Ba ƙasar ce kaɗai ba. Na iya canza ƙasa da karsana ɗaya, ɗayan ban san da me ake canza shi ba, amma in ciwo ya sake shigowa gidan nan, motar farko zan hau, ko da ayaba goma aka nema. Ƙanenki, sunansa Nahún. Ga shi na rubuta.

Kin karanta zancen kwalbarki. Ba zan mayar da ita ba, na sa ta cikin ƙullin nan, ki yi yadda kika ga dama da ita. Ba ni da cibiyarki. Abin da nake roƙo ki zo ki taka mini simintin a gefen murhu, ƙafa ɗaya, kusa da inda 'yan'uwanki suke. In kin yarda Dilcia ta taka kusa da ke. In kin ga ɗakin bai yi miki ba, ki koma da ita a motar yamma, ba zan riƙe zanenki ba. Ja ne, ba fari ba. Na gwada farin, ya yanke ni.

Asabar da safe Don Eulogio zai kwaɓa simintin. Motar farko tana isowa ƙarfe takwas, ya ce zai iya jan aikin har tara. Zan ɗaure Canela a gindin mangwaro, zan rufe mage a kwando. Keyla ta ce in gaya miki ta ajiye wa Dilcia ɗan mage tun ba a haife shi ba. Inna ta ce ki taho da burodi mai zaƙi, wai na Talata uku kika hana ta.

Ki ba ni amsa kafin Juma'a da rana tsaka, don in san abin da zan ce wa Don Eulogio, ya bar wurin ko ya shafe duka. Zan kasance a kan tudu tun hantsi. Ba sai kin kira ba in ba kya son jin muryata. Ki rubuta, ko kalma ɗaya ce. Zan karanta da kaina.

Mamanki,
Herminia